Mayen Ƙarfen Inna da Maganar Luba

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa da fatan rahamar Allah na tare da ke a makwancinki, ina mai alfaharin sanar da ke cewa an ga mayen ƙarfenki. Wanda kika ciro daga mataccen rediyon Baba kina tsintar allura da shi a yashi. Yana ƙasan kwallarki a Jandutsi, har da allura biyu manne da shi.

Kin riga likitoci, Inna. Yanzu da irinsa, babba, suke so su yi wa ɗiyarki Luba magani.

Kin bar Luba mai dariya. Tun rasuwar mijinta ta koma shiru, ba ta ci, ba ta zuwa ko suna. An sha ƙwayoyi har an gaji. Wata likita a birni ta ce akwai na'urar da ake ɗorawa a ka, tana bugawa ƙas-ƙas, mutum na zaune ido biyu, ta tayar da sashen ƙwaƙwalwar da ya yi sanyi. Na karanta duk abin da na samu, kin san ni da tsiyar karatu. Yawanci illarta ɗan ciwon kai ne. Amma jefi-jefi takan tayar da farfaɗiya, musamman ga wanda ya taɓa yi. Shi ya sa likitar ta tambaye mu ko Luba ta taɓa faɗuwa.

Na ce zan bincika.

A mota na tuno ranar cirar albasa a Aliero. Luba ta zube tsakanin kuyya tana karkarwa, kika lulluɓe ta da zanenki, kika ce mana rana ce ta buge ta. Na yarda, na manta.

Na je Karaye wurin ƙanwarki, Inna Hajo. Sai da ta kori jikokinta waje kafin ta ce ba sau ɗaya ba ne, kuma ke kika ce maganar ga ta tsaya cikin ɗaki. Kawu ma haka ya ce jiya: Luba na da 'yan mata, kada a kore musu manema. Kawun da ke kiran kowane ciwo shawara ya zama mai ba likita shawara.

Inna, zan faɗa wa likitar. Wataƙila ta ce na'urar ba ta Luba ba ce, mu nemi wata hanya. Wataƙila ta sake bincike ta yi da shiri. Ko wanne ne, ba zan zaunar da ɗiyarki a kujerar nan bisa ƙarya ba. Na gaya wa Luba. Ta ce in faɗa, in ma rubuta kowa ya karanta, ta gaji da ɓoyo. Rabon da ta yi magana mai tsawo haka har na manta.

Allah ya haskaka kabarinki, ya ba Luba lafiya, ya mayar mata da dariyarta.

Ɗanki,
Bala

Kin tuna yadda nake tsokanarki don kin hana Luba zuwa rijiya da zama gaban murhu? Kullum amsarki ita ce, "Ƙyale mani ɗiyata." Na ɗauka shagwaɓa ce. Ni ne ban gane ba, Inna.