Motata tana jan ƙura, tana kuma jan mutane

Assalamu alaikum Malam. Don Allah a taimake ni kafin in yi abin da zai raba zumunci.

Ni direba ne a Matameye. Da 'yar farar motata nake kai 'yan kasuwa Dawce da Dungu, ita ke ciyar da gidana. Farkon bazarar nan yayan matata, Lawali, ya kawo mini tsarabar wani gwangwani daga Kano, man ƙyallin mota ne mai kama da kakin zuma. Na shafa mata shi da kauri a tsakar rana, na goge da tsohon hijabin matata Basira, irin mai santsin nan na roba.

Motar ta yi ƙyalli kwana ɗaya. Daga nan ƙura ta soma binta. A tasha mukan jera motoci, iska ɗaya ke kaɗa mu, amma tawa ce kaɗai ke yin ja. Kuma ƙurar zane take yi, zagaye cikin zagaye, kamar an yi da yatsa. In na goge sai ta dawo fiye da da.

Sai ta fara ja. In na sauko na taɓa ƙofa, sai in ji kamar an tsira mini allura a yatsa har gwiwar hannu. Wata tsohuwa 'yar Dungu ta taɓa, ta yi a'uziyya, ta sauke ƙullinta ta shiga motar wani. Yanzu ana nuna ni da baki a tasha.

Basira ta tuna mini cewa Lawali ya so motar nan kafin in saya, kuma bai taɓa kawo mini ko goro ba sai wannan gwangwani. Da bakinta take faɗin haka a kan yayanta, tana kuka. Na yi makaranta har kolej, kuma nakan rubuta abin da na gani kowace rana, ga abin da na lura: da asuba motar ba ta ja, ranar da na wanke ta ma haka, sai rana ta take. Amma wa ya ce mini asirin da aka haɗa ba shi da lokacinsa? Wataƙila ni ne ban gane ba. Shekaranjiya a inuwar zaure, ina goge ta yayin da fetur ke tsiyaya cikin tanki daga bidon roba, wato jarka, da na ɗora kan but ɗin motar, na ga shuɗin tartsatsi ƙarami tsakanin yatsana da ƙarfe.

Na yi niyyar mayar wa Lawali gwangwaninsa ranar Juma'a a gaban surukina, in faɗi abin da ke raina. In je ko in fasa?

Mai Farar Mota, Matameye

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka fasa.

Ban ga laifin Basira ba. Mace ta ga abincin gidanta na neman tsayawa, dole ta nemi dalili. Amma dalilin yana cikin wasiƙarka. Goga busasshen ƙyallen roba a jikin mota lokacin zafi yana tara ɗan lantarki, shi ke kamo ƙura. Man da ka lafta a rana bai gogu ba, ya zama danƙo, zagayen da kake gani kuwa sawun hannunka ne. Jan da kuke ji shi ma lantarkin ne, daga goga da kuma zamewar tufafi kan kujera. Danshi na rage shi, shi ya sa asuba da wanki ke kwantar da shi. Lurarka daidai ce, ka daina shakkar kanka.

Ka wanke ta da sabulu a inuwa, ka share da tsumman auduga mai ɗan danshi, ka ajiye hijabin nan. In za ka sauko, ka riƙe ƙarfen ƙofa kafin ƙafarka ta taɓa ƙasa. Addu'a kuwa kullum ana so.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne zauren. Tartsatsin da ka gani ya isa ya kunna tururin fetur, kuma bayan zauren nan iyalinka suke. Daga yau zuba mai sai a fili, mota a kashe, ka fara taɓa ƙarfe nesa da bakin tanki, kuma babu goge-goge sai an rufe shi. Shekaranjiya Allah ne ya tsare, kada ka sake gwadawa.

Ranar Juma'a ka je gidan surukinka da goro, ka gaida Lawali, ka bar gwangwanin a gida. Allah ya tsare hanya, ya bar zumunci.