Rigar da Aka Datse wa Baya

Zuwa ga Innata,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar taki? Ina Yaya Ladidi da yara? Ni lafiya lau, sai kunnen hagu da ƙarar inji ta ɗan taɓa, kada ki damu.

Albishirinki, Inna. Tsohon jirgin koyar da sojoji mai farfela, wanda nake wuni a ƙarƙashinsa da sifana, ranar Asabar na tashe shi ni kaɗai, sanye da rigar da kika ɗinka min.

Ina sauka sai ga maigidana, tsoho Wendell, da almakashi. Ya kama bayan rigar ya datse!

Na ce, "Haba Baba Wendell, ɗinkin uwata ne fa!"

Ya ce, "Yi shiru, matuƙi. Da can in ɗalibi ya yi kuskure a sama, malami bayan rigarsa yake ja. Kai yanzu wa zai ja ka?"

Ƙyallen na manne a bango da sunana. Ki yi haƙuri ki ɗinko wata, Allah ya ƙara miki lafiya. Ki bar bayanta da tsawo, Inna. Ke dai kada ki daina ja.

Ɗanki,
Haladu, Texas