Na Koyi Tuƙa Motarki, Hajiya

Zuwa ga Hajiya Hadiza,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa irin wadda mai rai yake yi wa wanda ya riga shi, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Na san wannan takarda ba za ta iske ki ba. 'Yarmu Sadiya ce ta buɗe mini shafi a waya, ta ce in riƙa rubuta abin da ke raina, wai shiruna ya yi yawa. Na ce mata ba ni da abin gaya wa jama'a. Da na zauna kuwa sai na ga ke kaɗai nake da abin gaya wa. Wanda ya ga dama ya karanta.

Dalilin rubuto miki shi ne in sanar da ke na koyi tuƙi. Ni, Malam ɗinki, da furfurata. Kuma a motarki na koya.

Wata huɗu ta yi a rumfar ƙofar gida bayan rasuwarki, yadda kika ajiye ta ranar da kika dawo daga kasuwa kika ce kanki yana sarawa. Ban bari an taɓa ta ba. Kajin maƙwabta suka mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. In zan fita masallaci sai in kau da kai.

Kin san ba ni da hujja. Shekara talatin da biyu ina zaune a damanki da jarida, ke kina tuƙi. Mutanen Ƙofar Jatau sun yi maganarsu har sun gaji, wai ga malamin makarantar da matarsa ke ja. Ni kuma in ce aikinki na unguwarzoma ne ya jawo, ke ake kira asibiti ba ni ba. Gaskiyar kuwa ni da ke muka san ta. Sau ɗaya kika kai ni filin gindin Kufena, muna da ƙuruciya, kika ba ni sitiyari. Na saki kuloci da ƙarfi, mota ta yi tsalle ta mutu, kika yi dariya har da hawaye. Na fito, na zagaya na koma wurin zamana, na yi ta fushi har gida. Kin ba ni haƙuri. Kin sake yi mini tayi ya fi sau goma, kullum in ce sai an yi hutu. Har na yi ritaya hutun bai zo ba.

Inna ce ta tashe ni.

Kin tuna gyambon da ciwon suga ya bar wa mahaifiyarki a ƙafa, wanda kike kai ta ana wankewa duk Talata. Bayan ki, ƙaninki ya kai ta sau biyu a keke-napep. Kin san hanyar ƙauyen su Inna ta bayan Kufena in ruwa ya sauka. Ta dawo tana cije leɓe, ta ce ita ta gama zuwa asibiti, abin da Allah Ya yi daidai ne. Sati uku ba ta je ba. Da na je gaishe ta, tun daga ƙofar ɗaki na ji warin. Likita ya gaya wa ƙanin naki ƙiri-ƙiri, in aka ci gaba a haka sai dai a yanke ƙafar.

Sadiya ta ce a ɗauki direba. Na ce mata to. Da na ajiye wayar sai na ga ba zan iya kallon baƙo a kujerarki ba. Son kai ne, na sani.

Sai na tafi Wusasa wurin Malam Iliya, tsohon direban motar asibitinku, wanda kike cewa bai taɓa girgiza mai naƙuda a hanya ba. Na same shi yana dawowa daga coci. Ya saurare ni har na gama, ya ce zai riƙa kai Inna duk Talata, sauran ranakun kuma ya koya mini. Amma ya ce in yi sauri, yana da ciwon yanar ido, nan da wata biyu za a yi masa aiki, kuma ba ya jin zai sake riƙe sitiyari. Ya ce, “Don Hajiya zan yi. Ita ta karɓi haihuwar jikokina uku.”

Ya zo da makaniki, aka sa sabon batir, aka duba mai da ruwa da tayoyi.

Ranar farko ko tayar da ita ban yi ba. Da na zauna, gwiwoyina suka tokare, domin kujerar tana nan a tsawonki. Malam Iliya ya nuna mini ƙarfen da ke ƙarƙashi, ya ce in ɗaga in tura baya. Hajiya, na daɗe hannuna yana kan ƙarfen nan. Shi kuma ya juya yana kallon waje, bai matsa mini ba. Na tura. Na gyara madubin sama, na gyara na gefe. Cikin minti biyu na rushe zaman da kika yi shekaru kina yi.

Abu ɗaya ne ban iya canzawa ba. Robar kuloci ta cinye ta gefe guda, daidai inda ƙafarki take sauka. Tawa ta fi faɗi, amma kullum sai ta zame ta koma cikin gurbin.

Ya koya mini kamar ɗan firamare, ni da na yi shekara da shekaru ina koyar da 'ya'yan mutane. Ɗaura bel tukuna kafin komai. A girgiza giya a tabbata tana firi kafin a murɗa makulli. Ƙafar hagu ta kuloci ce kaɗai. Ta dama aiki biyu gare ta, birki da totur, kuma ba ta yin su tare. Sandar hagu ta sigina ce, sama dama, ƙasa hagu. Na rubuta duk a bayan wata tsohuwar ambulan, ina bita bayan sallar Asuba kamar mai hadda.

Filin Kufena ya kai ni, wannan dai filin. Yanzu gidaje sun cinye rabinsa. Na sa giya ɗaya, na saki kuloci, mota ta yi tsalle ta mutu. Malam Iliya bai ko murmusa ba. Ya ce, “Kuloci ba a sakinsa, Malam, rakiya ake yi masa.” Ni kuwa na zauna ina jira in ji dariya. Da zan samu wannan dariyar taki ranar, wallahi da na bar motar ta yi ta tsalle har Magariba. Ki yafe mini fushin nan. Na riƙe shi ya fi ƙarfin laifin, in ma akwai laifi.

Fili bai ba ni wahala kamar cikin birni ba. Ban san yadda kike fitar da motar nan daga lungunmu da ribas, kina magana da ni, kina ɗaga wa maƙwabta hannu ba. Ni ranar da na gwada, tayar baya ta faɗa kwata. Mutanen majalisar bakin masallaci suka taso suka ɗaga mini. Cikinsu har da waɗanda suka daɗe suna yi mini shaguɓe a kanki. Liman ya dafa murfin motar ya ce, “Allah Ya jiƙan mai ita.” Muka ce amin.

A hankali na fara jin ƙarar inji, in san lokacin da take neman giya biyu. Na daina kallon ƙafafuna. Na iya tsayawa a hawa da birkin hannu ba tare da na gangaro kan mai acaɓa ba. Har gwaji na yi aka ba ni lasin. Na dawo da shi gida, na tsaya a tsakar gida riƙe da shi, na rasa wanda zan nuna wa. Na sa a aljihu na ɗora ruwan shayi.

Aka yi wa Malam Iliya aikin idonsa ran Litinin. Washegari ni kaɗai na tafi ɗauko Inna.

Ƙaninki ya kama ta ya zaunar a baya, ya ɗora mata ƙafar a kan filo, ya ce zai biyo mu a babur. Muka rage daga ni sai ita. Kin san tsakanina da Inna. Tun aurenmu, in ban da gaisuwa daga bakin ƙofa, ina durƙushe tana bayan labule, ba mu taɓa haɗa magana uku ba. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Na yi bismillah na ja mota.

Ba mu kai kwalta ba hadari ya haɗo ta gabas. Kafin in ankara ruwa ya kece. Gilashin gaba ya zama fari fat, ko bonet ba na gani. Malam Iliya ya taɓa nuna mini waifa mai share gilashi sau ɗaya, amma duk karatunmu da safe ne rana na haskawa, ban riƙe ba. Na kai hannu na kunna sigina. Na sake kaiwa na kunna fitila. Na danna hon ba dalili. Ƙafata ta tashi daga kuloci, mota ta mutu a tsakiyar hanya, ga rafi a gabanmu ban san nisan da ke tsakani ba. Abin da na iya kawai shi ne na ja birkin hannu na danna jan maɓallin nan da ke sa fitilu huɗu ƙyaftawa. Na ce a raina, na ɗauko tsohuwar mutane zan halaka ta saboda girman kai.

Sai na ji muryarta daga baya, a hankali.

“Sandar nan ta dama, Malam. Hadiza ƙasa take jan ta.”

Hajiya, ke ce 'yar fari. Tun da nake ban taɓa jin Inna ta kama sunanki ba, daga “yarinyar nan” sai “ita waccan”. Ko ranar da aka ɗauke ki ba ta kama ba, ba ta kuma yi hawaye a gaban mutane ba. Ranar nan ta kama, cikakke, kamar ta daɗe yana bakinta.

Na ja sandar ƙasa. Waifa ta share gilashi, hanya ta fito, rafin yana can gaba da ɗan nisa. Na ɗaga ido na dubi madubi. Ta juya fuska wajen taga, gefen mayafin yana kan idonta. Ban tayar da motar nan take ba. Muka zauna, ruwa yana dukan rufi, waifa tana kai da komo, kowa yana nasa kukan ba ya kallon ɗan'uwansa.

Can ta ce, “Mu je, kada likita ya tashi.”

Mun isa lafiya. Talata tara ke nan ban fasa ba. Gyambon ya fara tsukewa, kuma likita ya daina maganar yanka. Har yanzu ba ma hira ni da ita. Amma tana gaya mini inda kike rage gudu, da ramin da kike kauce wa ta hagu, da mai ƙosan da kike tsayawa ki saya mata. Ashe duk tana kallonki. Ta san tuƙinki fiye da ni.

Dawowa ce mai wuya. In na sauke ta na kamo hanyar birni, na shigo lungu, na ja birkin hannu na kashe inji, sai shiru ya cika motar. Nakan ɗan zauna kafin in fita, domin a cikin gida ma shirun ne ke jirana.

Akwai wani ɗan maɓalli ƙarƙashin rediyo da rubutunsa ya goge. Na tambayi Malam Iliya, ya ce bai san shi ba. Makaniki ya ce in danna in gani. Ban danna ba. Na bar wannan, sai mun haɗu ki gaya mini.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya yalwata makwancinki, Ya haskaka shi. Yadda kika yi ta ɗaukar mutane kina kai su inda za su samu sauƙi, Allah Ya kai ki inda babu ciwo. Ya ba Inna lafiya, Ya buɗe idon Malam Iliya, Ya raya mana Sadiya. In tawa ta zo, Ya sa in cika da imani, Ya sada ni da ke.

Wassalam.

Mijinki,
Malam Shehu,
Ƙofar Jatau, Zariya.