'Yata Ta Ga Inda Nake Ƙirga Kwanakinta

Zuwa ga Anti Maxine,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin watan nan ya ƙare. Wannan ce wasiƙa ta huɗu da na fara rubuta miki. Ukun farko na yaga su, domin duk wadda na sake karantawa sai in ga kamar wanke kaina nake yi. Wannan kam zan aiko ta yadda ta fito.

Shekarata arba'in da biyu, ina zaune a Toledo, ina tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito na kayan gyaran mota. Karatuna a sakandare ya tsaya. Shekara huɗu ke nan da muka rabu da matata, Rhonda. 'Yarmu ɗaya, Nola, shekararta goma sha huɗu. Mako guda tana wurina, mako guda tana wurin uwarta. Lokacin rabuwar ba mu da kuɗin lauya, mu muka cike takardun kotu da kanmu, kuma ba wanda ya tuna ya rubuta wa zai riƙa sa sunan yarinyar a takardar haraji. Shekara ukun farko na bar wa Rhonda, don ita kaɗai ce kuma albashinta bai kai nawa ba. Ban taɓa yi mata gori ba.

Bara ta auri Curtis, mai gyaran na'urar ɗumama gida. Mutumin kirki ne, ba ni da abin faɗa a kansa. Yanzu albashi biyu ke shiga gidansu, ni kuwa mai gidan da nake haya ya ƙara mini kuɗi har sau biyu. A watan Janairu na zauna da fensir na yi lissafi sau uku. In na cike takardar haraji a matsayin gwauro, abin da zai rage a hannuna daban. In na cike a matsayin mai riƙe da gida da ɗa a gabansa, daban. Tazarar ta kai dala dubu uku da ɗari bakwai a shekara, alhali aikin ɗaya ne, albashin ma ɗaya. A gidan su Rhonda kuwa, tunda ma'aurata ne, sunan Nola bai fi ya ƙara musu dubu biyu ba.

Abokin aikina Delbert, wanda aurensa uku ya mutu, shi ya faɗa mini ƙa'idar muna cin abincin rana. Ya ce, "Kai malamin lissafi, hukuma ba ruwanta da wa ya fi son yaro. Inda ya fi kwana a shekara, nan ne gidansu. Ɗari da tamanin da uku, ka ci. Ɗari da tamanin da biyu, ka sha ruwa ka yi haƙuri."

Anti, tun ina shekara goma sha tara nake rubuta kundi kullum: abin da na ci, yadda gari ya wuni, da maganar da na faɗa wadda bai kamata ba. Daga ranar nan sai na ƙara lamba ɗaya a ƙasan kowane shafi. Da farko ban ɗauke ta komai ba. Sannu a hankali sai lambar ta fara amsa tambayoyi a madadina. In Rhonda ta nemi mu yi musayar kwana, kafin in ce mata to sai na buɗe kundi.

Ga wanda ya fi ci mini rai. A watan Yuni Rhonda ta haifi namiji. Nola ta roƙe ni in bar ta ta yi makona a can, ta taya uwarta. Na ce kwana biyu kawai, na fake da cewa mai jego tana bukatar hutu, gida zai cika. Ƙarya ce. Kuma na rubuta a kundin cewa ƙarya ce, domin shi kaɗai ne ban iya yi wa ƙarya ba. Ta dawo ranar Laraba, ta wuni tana kallon hotunan jaririn a waya.

Ranar Asabar, shida ga Disamba, aka wayi gari da dusar ƙanƙara. Na sauka in haƙo motata, na bar kundin a buɗe a kan teburin kicin. A shafin akwai wani lissafin banza da na yi, ban ma san me ya kai ni ba: na raba kuɗin nan gida ɗari da tamanin da uku, na rubuta, kwana ɗaya dala ashirin da ɗoriya. Da na hawo, na tarar da Nola tsaye, ta sa rigar sanyi, jakarta a kafaɗa. Ta ɗora takardar dala ashirin a kan shafin, daga kuɗin da take samu wajen rainon yaran maƙwabta. Ta ce, "Baba, ga kuɗin kwanan yau, na fanshi kaina. Ashe ko kuɗin abincin fiza babba ban kai ba." Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Curtis ne ya zo ya ɗauke ta. Ya ɗago mini hannu daga cikin mota, ya kasa kallon idona.

Ban san shafi nawa ta karanta ba. Minti ashirin da biyar na yi a waje. Na gwada da agogo: a minti ashirin da biyar ina iya karantawa baya-baya daga Disamba zuwa tsakiyar Agusta. Amma ita ta fi ni saurin karatu nesa ba kusa ba. Ko ta kai Yuni? Na sake gwadawa sau biyu, ina tsallake wasu shafuka kamar yadda yaro zai yi, na kai ƙarshen Yuli.

Abin da ba ta sani ba, don ban taɓa gaya mata ba, kuɗin nan na ɗakinta ne. Gidan da nake haya ɗaki biyu ne, kuma a watan Maris za a sabunta yarjejeniya. In babu kuɗin, sai in koma mai ɗaki ɗaya. Ita ta yi wa ɗakin fenti kore da hannunta. Na ɓoye mata don kada ta ɗauki nauyin da ba nata ba, ko kuma don ina jin kunya. Ban san wanne ne ba.

Yanzu ina da kwana ɗari da saba'in da uku. Goma suka rage mini, kuma goman ce cif nake bukata: bakwai a mako mai zuwa, uku a ƙarshen shekara. Jiya ta turo saƙo cewa za ta zo mako mai zuwan, "tunda kotu ta ce," amma kwana ukun ƙarshe tana so ta bi uwarta Michigan, gidan iyayen Curtis. Rhonda ta ce tsakaninmu ne. Takardar kotu ni ta ba wa kwanakin nan. In na kafe, dole ta zauna.

Na rubuta mata amsa sau tara na goge. Ba na iya zama wuri ɗaya. Shekaranjiya saura kaɗan in kifar da kaya a wurin aiki. Na san ina son yarinyar nan tun kafin in san akwai wata ƙa'ida. Amma gaskiyar da ke ba ni tsoro ita ce, duk shekarar nan, in ta turo ƙofa ta shigo, farin ciki da lambar tare suke zuwa mini, na kasa raba su. In kafe in tsira da ɗakinta, ko in sake ta in rasa shi? Wane irin uba ne ni?

Mai Ƙirga Kwanaki, Toledo

Ya kai Mai Ƙirga,

Ka bar ta ta tafi Michigan. Ka gaya mata yau, kafin ta iso gidanka, ba tare da wani sharaɗi ba. Na sa wannan a gaba ne domin duk haƙurin da za ka ba ta alhali kwana ukun nan suna hannunka, ciniki za ta ɗauke shi.

Ba na ganinka mugun uba. Ba kai ka tsara cewa yarinya ɗaya za ta zama dubu uku da ɗari bakwai a gida ɗaya, dubu biyu a wani ba. Mutumin da ke riƙe da gida da albashi ɗaya yana da ikon neman abin da doka ta ba shi, kuma ka bar wa Rhonda shekara uku ba ka ce uffan ba. Amma ita ma Nola tana da gaskiya. Ba lissafin ne laifinka ba, abin da ka yi a watan Yuni ne. Ka hana ta ƙaninta sabon haihuwa, ka kuma ba ta dalilin ƙarya. Ka daina gwada saurin karatunta da agogo. Ka ɗauka ta karanta duka, ka ambaci Yuni da bakinka, ka ce ka yi kuskure. Bayan nan ka mayar mata da kuɗinta hannu da hannu, sannan ka faɗa mata batun haya sau ɗaya, a taƙaice, ka ƙara da cewa wannan matsalarka ce kai da uwarta, ba tata ba. Kada ka yi mata kuka har ta koma ita ce ke lallashinka.

Batun kuɗin kuwa bai mutu murus ba. Wanda yaro ya fi kwana a wurinsa yana iya sa hannu a wata takarda ta hukumar haraji, ya sakar wa ɗayan rangwamen harajin da ake samu saboda yaro na shekarar. Matsayin mai riƙe da gida ba ya bin wannan takarda, saboda haka bana ka rasa wannan ɓangaren, amma wajen dubu biyun nan suna iya zuwa maka in Rhonda ta yarda. Ka kira ta da kanka, ka faɗa mata halin da kake ciki. Tana iya ƙi, ita ma da jariri a hannu, kuma in ta ƙi ba ta zalunce ka ba. A zaman nan ku shirya yadda shekaru masu zuwa za su kasance, ku rubuta, ku sa hannu. Ƙirgar kwana ta koma kalanda ɗaya da ku biyun kuke gani, ta fita daga kundinka. Kafin ka cike komai, ka kai takardunka wurin masu taimaka wa jama'a da haraji kyauta, ana samunsu a ɗakunan karatu da yawa daga watan Fabrairu. Kuma kada wani a wurin cin abincin rana ya ce maka ai kwana uku ba wanda zai duba. Abin da ya faru shi za ka rubuta.

Ka je wurin mai gidanka tun yanzu, kada ka jira Maris. In duk da haka gida mai ɗaki ɗaya ne rabonka, ka koma, makonta ka ba ta ɗakin ka kwana a falo. Da wuya, amma ana yi.

Ka shirya, tana iya yin makon nan duka ba ta ce maka fiye da "to" ba. Ka dafa abinci, ka kai ta makaranta, kada ka tambaye ta ko ta huce. Ranar tafiya kai za ka kai ta ƙofar uwarta, ka ɗaukar mata jaka, ka ce ta gaida mutanen gidan. Allah ya sanyaya mata zuciya, ya buɗe maka hanya, ya sa ku shiga sabuwar shekara lafiya.

Taku,
Anti Maxine