Kada Ki Janye Shaidarki, Yaya

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Yaya jikin Inna, yaya yara da karatu? Mu nan Doha lafiya lau, sai zafi.

Na ji dattawan unguwa suna lallaɓa ki ki janye shaidarki kan waɗanda suka kashe maigidanki a rikicin nan. Saurari wannan.

Akwai Gurdip, direban da muke aiki tare a filin jirgi, mabiyin addinin Sikh. A kashe-kashen Delhi na 1984 aka ƙone mahaifinsa. Addininsu ya hana aski, amma uwarsa ta datse masa gashi don kada maharan su gane shi, ta ƙulle gashin a tsumma. Tun lokacin take zaryar kotu kan kisan mijinta, ana ta ɗage zama, har ta rasu makon jiya. Yau ya tashi Indiya, tsumman na jakarsa, zai tsaya a madadinta.

Na ce, "Ba ku gaji ba?"

Ya ce, "Ɗan'uwa, su dai za su gaji."

Yaya, kada ki janye. Na nemi hutu, ranar zaman ina gefenki.

Ki gaida Inna, ta sa mu a addu'a. Dattawan ma ki gaishe su, ki ce sai mun haɗu a kotu.

Ƙaninki,
Bashir