Ranar da Na Kira Sunan Baban Mangal

Goregaon, Bombai

Zuwa ga Yaya Kumud,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara da mutanen Ratnagiri duka. Ki taɓa mini ƙafafun Inna don girmamawa, amma kada ki karanta mata wannan wasiƙar. Yaya, maigidana baban Mangal na kwance a asibiti, asibitin gaske, ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

Kin san sana'armu, cika fage a fim. Shekara talatin yana fitowa a majinyaci ko gawa, fuskarsa ba ta taɓa daɗewa a majigi ba. To, sai aka ɗauke mu wani fim ɗin ban dariya kan likita mai tausayin talakawa. Shi zai fito a wanda ya cika cikinsa da soyayyen ƙosai har ya kwanta, ni kuma matarsa mai kwakwazo, in yi ta ihu "Ku taimaka, mijina zai mutu!" jarumi, wato likitan, yana zolayata. Murna a wurinsa ba a magana. Ranar da aka fasa kwakwa gaban kyamara don neman albarkar fara aiki, har gutsurenta ya kawo gida.

Ana cikin ɗauka na ga bakinsa ya karkace, idonsa ya kafe a kaina. Na san mutuwar ƙaryarsa, Yaya, na ga ɗaruruwa, wannan daban ce. Na ƙwalla ihu na ce ku taimaka, mijina zai mutu. Ai kuwa abin da aka rubuta mini ke nan! Masu fitila suka toshe baki suna dariya. Darakta Sodhi yana yi wa mai kyamara alama da hannu ya ci gaba, kuma kin san doka, ba mai motsi sai ya ce a yanke. Jarumi ya ɗora abin sauraron ƙirjinsa na roba a goshin baban Mangal ya ce, "Baba, ƙosai nawa ka haɗiye?" Sai na ji bakina ya ce, "Digambar!"

Ni, Yaya! Ni da tun ranar aurenmu da muka zagaya wuta ban taɓa furta sunansa ba, ko a gaban Inna.

Mista Pinto ne ya gane, tsohon nan da ke fitowa a bos, wanda a fim ɗin shi ne mugun shugaban asibiti. Ya daɗe da saninmu. Ya ratso gaban kyamara yana ture mutane ya ce, "Kai, ku dakata! Sulbha ba ta kiran sunan mijinta. Mutumin nan mutuwa yake yi, sakarkaru!" Aka ruga wurin tukunyar iskar numfashi, ashe fanko ce aka shafa wa fenti. Motar asibitin da ke ƙofa ko inji babu a cikinta. Fararen riguna sun fi ashirin a ɗakin, babu likita ko ɗaya. Jarumi dai ya ja da baya yana goge hannu, yaransa suka yi waje da shi. Pinto ne ya saɓi baban Mangal a kafaɗa cikin ruwan sama ya tare keke mai ƙafa uku.

Likita ya ce zai rayu. Ki yi mana addu'a.

Ƙanwarki,
Sulbha

Zuwa ga Yaya Kumud,

Bayan gaisuwa, ina fatan ciwon gwiwar Inna ya yi sauƙi. Mangoron ya iso, mun gode. An sallamo baban Mangal daga asibiti. Yana cin shinkafa da miyar wake da hannun hagu, magana kuma kalma ɗaya ɗaya.

Zauna ki ji abin da ya fi ƙarfin kaina. Sodhi ya hawo benenmu da furanni da kwalin alawa, ya zauna a bakin gado yana share hawaye. Na ce Allah sarki, ashe yana da zuciya. Sai ya ce, "'Yar'uwa, wurin nan shi ne ya fi kowane kyau a fim ɗin. Za mu yanke shigowar Pinto kawai, sauran a bar shi yadda yake." Jinina ya tafasa. Na ce, "Sodhi, ka ji kunya kuwa? Fim ɗin tausayi kake yi, za ka sayar wa duniya ranar da mijina ya kusa mutuwa don a yi dariya? Kwashe alawarka!"

Ina nuna masa ƙofa sai baban Mangal ya damƙe bakin zanena. Ya yi ta fama da harshensa, gumi na keto masa, har ya ce, "A bari." Na ce ka san me kake faɗa? Ya sake cewa, "A bari." Kwana biyu ban yi masa magana ba. Na ɗauka son a gan shi a majigi ne ya rufe masa ido, kuma raina ya ɓaci ƙwarai.

Ki gaida yara.

Taki,
Sulbha

Zuwa ga Yaya Kumud,

Ina gaishe ki da kyau, ina fatan kun yi bikin fitilu lafiya. Na ji ke ma kin hana yara zuwa kallon fim ɗin, na gode.

Mu dai mun je. Baban Mangal ne ya matsa, Pinto ya zo ya taimaka muka sauko da shi. Silima ta cika maƙil, ana fito ana watsa kwabbai duk sanda jarumi ya rungumi majinyaci. Da aka zo wurinmu, ga bakinsa a karkace ya cika majigi, ga ni ina ihu kamar mahaukaciya. Yaya, ɗakin nan girgiza ya yi da dariya. Wata mata a gabana har buga cinya take yi tana cewa, "Kai, wannan tsohuwa ta iya!" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na miƙe zan fita, ya riƙe ni da hannun hagu ya ce, "Jira."

Sai muryata ta fito daga bango, "Digambar!"

Na juya. Ba ya kallon majigin ma, idonsa a rufe yake, hawaye na bin kumatunsa, rabin fuskarsa mai rai tana murmushi. Ya matso kusa da kunnena, da ƙyar ya haɗa kalmomin, ya ce, "Shekara talatin. Sau ɗaya. Kina so su yanke."

A hanyar gida ya ce gobe ma a kawo shi. Na ce ba inda za mu je, ni na gaji da a yi mini dariya. Da muka shiga ɗaki na rufe ƙofa, na ce, "Digambar, ga shayinka." Kofin ma sai da ya kusa suɓuce masa.

Kada ki gaya wa Inna.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Sulbha