Jinin Mutanen Beli a Wayar Munawwara

Karaye, ranar Laraba.

Zuwa ga ƙanwata Sadiƙa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ku lafiya, ke da maigidanki Abdulmutalib da yara, Ya kuma sauƙaƙa muku zaman Fatakwal. Mu nan lafiya lau. An fara cirar gyaɗa, ƙafar Baba ta yi sauƙi har yana zuwa masallaci da kansa.

Maganar 'yarki ce ta sa na ɗauki alƙalami, kuma ki yi haƙuri, raina a ɓace yake. Kin san tun da aka ce cikin nan ya zo wa Munawwara da ciwon suga kika aiko da na'urar gwaji, mai tura sakamako da kanta zuwa manhajar da ke wayarta, malamar awo kuma tana gani daga nan asibiti. Makon jiya malamar ta tare ni, ta ce lissafin yarinyar ya ɗaure mata kai: da safe daidai, da hantsi ya yi sama kamar na wanda ya sha buhun sukari, kafin azahar ya faɗo ƙasa. Ta ce in haka ya ci gaba allura za su fara mata. Ni kuwa na ce gani ya kori ji, na hau mota zuwa Beli, gidan mijinta.

Ko gaisawa ban gama yi ba na ga abin da idona. Turai, surukar Munawwara, tana zaune a tsakar gida da na'urar a cinya, mata sun kewaye ta, kowa na miƙo yatsa. Ashe duk baƙon da ya shigo, bayan ruwa da fura, sai a karrama shi da gwaji. Malam Ɗantala, uban mijin Munawwara, kullum sai ya gwada bayan ya sha shayinsa. Na'ura kuwa ba ta san sunan kowa ba, duk jinin da ta lasa na Munawwara ne a wurinta. Da na ja yarinyar ɗaki, ta sunkuyar da kai ta ce ta ga lambobin suna shiga, amma yaya za ta ce wa uwar mijinta a'a. Kara ce fa, Sadiƙa, ta kusa sa a yi wa mai ciki allura saboda shayin wani.

Ban yi shiru ba. Na ce wa Turai, “Yaya, wannan ba goro ba ne da ake zagayawa da shi.” Na kuma gaya mata tsinke ɗaya da ake soka wa mutum goma ya fi suga haɗari. Ta ji haushi, ta ce ita alheri ta yi niyya, kuma na yarda, rashin sani ya fi dare duhu. Duk da haka na kwaso yarinyar da kayanta da sunan goyon ciki, ko da yake lokacinsa bai yi ba.

Abin bai bar ni na huta ba, sai juya wayar nake. Waɗanda suka ƙirƙiro manhajar nan, a wane irin gida suke zaune da ba a aron abu? Tana tambayar Munawwara yawan tuwon da ta ci, alhali kwano ɗaya suke sa hannu su uku. Ki tambayar mini wanda ya sayar miki ko akwai yadda ake goge gwajin da ba nata ba, da kuma ko ana samun mai magana da Hausa, don ina so in gane ta sosai kafin in amince mata.

Malamar ta dakatar da maganar allura, ta ce sai ta ga sakamakon yarinyar ita kaɗai na ɗan lokaci. Na safiyar yau ya ɗan haura, amma nata ne. Sai dai Turai ta aiko cewa a mayar da ita ranar Juma'a. Ni na riga na ɓata bakina a gidan. Ke ce uwa, ba za ta ƙi jin naki ba, ki kira ta kafin Juma'ar, ki lallaɓa ta ta bar mana ita har ta sauka.

Ki gaida Abdulmutalib da Ikrima da ƙaramar Siddiqa. Baba da Sunusi suna gaishe ku. Allah Ya raba su lafiya, amin.

Yayarki,
Laure